Daga Bayan Akuya Zuwa Gangar Ƙarfe: Tarihin Zanen da ke Kan Fatar Roba

Duk wanda ya ƙura wa kujerar mota ido, ko sirdin babur, ko jakar 'yan makaranta, zai ga fuskar abin ba sumul take ba. Akwai 'yan tuddai da kwaruruka, da layuka masu rassa, wani lokaci har da ɗige-ɗigen ƙofofin gashi. Roba ba ta taɓa tsirar da gashi ba, ba ta kuma tsufa a jikin wata dabba ba, saboda haka ɗora mata zanen aka yi. A mafi yawan tarihin sana'ar, daga jikin dabbar gaske aka ɗauko shi: a zaɓi fata guda, a kwafi fuskarta, a mayar da kwafin ƙarfe, ƙarfen ya yi ta buga shi a kan dubban yadudduka. Sai dai labarin ya girmi roba. Majema sun yi ɗaruruwan shekaru suna yi wa fatar gaske fuskar da ba a haife ta da ita ba, kuma abin da masana'antu suka zo suka kwaikwaya, rabinsa halitta ne, rabinsa aikin hannun majemi.

Tushen abin gashi ne. Idan majemi ya jiƙa fata a ruwan toka ya kankare gashin, kowane sili yakan bar ramin da ya fito, kuma jerin ramukan ya bambanta daga dabba zuwa dabba. Na saniya ƙanana ne, a warwatse ko'ina. Na akuya a jere suke, manya na tafe ƙanana na biye, ga fatar da tsauri, shi ya sa fuskarta ke tashi ƙwaya-ƙwaya in an murza ta. Na alade uku-uku suke zuwa, suna huda fatar har bayanta. Ta tunkiya sakwa-sakwa ce, ba ta da wata fuskar a zo a gani, kuma wannan rashin ne ya sa daga baya ta zama fatar da aka fi buga wa fuskar wasu. Ban da ramukan gashi akwai abin da motsi ya bari: wuya da ninki, ciki da laushi, gadon baya a matse. Sai tabon kaska, da na ƙaya, da na lalas.

Danna zane a fata da ƙarfe tsohuwar sana'a ce a ko'ina, dukawanmu ma suna yi a gafaka da kayan doki. Inda ta zama babbar harka shi ne Andalus, inda birnin Ƙurɗuba ya yi suna da fatun ado da ake lulluɓe bango da su: a manna wa fata siririn fallen azurfa, a shafe da wani mai rawaya har ta ɗauki launin zinariya, sannan a bi ta da ƙananan ƙarafa ana bugawa ɗaya bayan ɗaya. Ana cewa daga Gadamus sana'ar ta ƙetara, garin nan na Sahara da fatakensa suka daɗe da zama a Kano. Wannan zance ne da aka gada, kuma kamannin sunan da Sifaniyawa ke kiran fatar da shi ne babban madogararsa. Abin da ke rubuce shi ne, a 1628 wani mai sana'ar a birnin Hague na Holan, Jacob Dircxz de Swart, ya karɓi takardar mallakar wata dabara: a sassaƙa zanen gaba ɗayansa a faranti guda, a ɗora jiƙaƙƙiyar fata, a matse. Aiki ya yi sauri, fata ta ɗari kuma tana fitowa daidai da ta farko.

Furanni da tsuntsaye De Swart ke bugawa, ba ƙofofin gashi ba, amma dabarar ta zauna. 'Yan kasuwar Holan sun kai irin wannan fata Japan, Japanawa kuwa suka kwaikwaye ta da takarda: su haɗa ta ninki-ninki, su jiƙa, su naɗa a gungumen icen da aka sassaƙa, su yi ta dukanta da burushi har ta ɗauki zanen. Bayan baje kolin Vienna na 1873 wannan takarda ta shiga gidajen masu kuɗin Turai a matsayin adon bango.

Wadda ta fi ba da mamaki ita ce dabarar majeman Farisa da Turkiyya da bakin Tekun Kasfiyan. Masanin nan Bajamushe Peter Simon Pallas, wanda ya zagaya daular Rasha a rabin ƙarshe na ƙarni na 18, ya bayyana yadda ake yinta a Astrakhan. Daga kuturin doki ko jaki ake yanko fatar, a jiƙa, a kankare, a ɗaure ta a miƙe tana da danshi. Sai a barbaɗa mata 'ya'yan wata ciyawa, ƙanana baƙaƙe masu tauri, a rufe, a tattake da ƙafa har su nutse. In ta bushe a kakkaɓe su, fata ta fito cike da ramuka. Daga nan a sa wuƙa a aske tuddan da ke tsakanin ramukan har fuskar ta kusa yin daidai, a sake jefa ta a ruwa. Wuraren da 'ya'yan ciyawar suka danne ba a aske musu komai ba, matse su kawai aka yi, saboda haka su ne ke kumbura su taso. Rami ya koma tudu. Akan rina ta kore da garin jan ƙarfe, a yi kuben takobi da takalma da ita. Ba dokin da ya taɓa yawo da irin wannan fuska.

Rashawa kuma nasu salon layuka ne masu gilma juna, a kan fatar da aka shayar da man ɓawon wata bishiyar ƙasarsu mai ƙamshi. Muna da shaidarsa a hannu saboda wani haɗari. A watan Disamban 1786 jirgin ruwa mai suna Metta Catharina, da ya taso daga St Petersburg zai je Genoa, ya nutse a gaɓar Plymouth ta Ingila ɗauke da ƙunshin irin wannan fata. Masu ninƙaya suka gano shi a 1973, aka fito da fatun daga cikin laka da layukansu raɗau, har masu ɗinkin takalma na Landan suka yi aiki da su.

Amma fuskar da ta mallake Turawa, wadda har yau zuriyarta ke kan bangon littattafai da akwatin tabarau, ta akuya ce. Tun ƙarni na 16 masu ɗaurin littafi a Italiya da Faransa ke neman jemammiyar fatar akuya da ake kawowa daga Turkiyya da Arewacin Afirka, wadda sunan Maroko ya bi ta daga baya. Tana da ƙarko, tana shan rini, ja musamman, tana kuma karɓar rubutun zinariya. Ƙwayar da ke fuskarta ba haka take fitowa daga ruwan jima ba, tayar da ita ake yi. Majemi zai ninke fatar da ɗan danshi, fuska na kallon fuska, ya ɗaura a hannunsa wani allo da aka manna wa ɓawon itace mai taushi, irin wanda ake toshe kwalba da shi, ya riƙa murza ninkin gaba da baya har ya ratsa fatar duka. In ta ɓangare ɗaya kawai ya murza, layuka miƙaƙƙu su fito, irin da aka yi yayi a Ingila a rabin ƙarshe na ƙarni na 18. In ta ɓangare biyu ne, a samu 'yan murabba'ai. In ya zagaya ta ko'ina, ƙwayoyi zagayayyu su tashi. Akuya ta ba da ramuka da tsauri, majemi ya zaɓi siffa.

A nan labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. Jar akuyar Sakkwato da ta Maraɗi suna cikin masu fata mafi kyau ga wannan aiki, majemanmu kuma sun daɗe suna jeme ta da bagaruwa, su rina da karan dafi. Akan ji ana cewa duk fatar da Turai ta sani da sunan Maroko daga ƙasar Hausa ta fito, sunan ya bi tashar da aka loda ta ne kawai. In aka ce duka, an wuce gona da iri, domin Fas da Marrakesh na da majemansu, Turkiyya na da nata, Turawa ma sun koyi yin ta a gida. Abin da shaida ta tabbatar shi ne ayari na ɗaukar fatunmu zuwa arewa. Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa jemammun ƙiraga da jajayen fatun da aka rina da ruwan karan wata irin dawa ana kai su da yawa har Tarabulus, ban da takalman Kano da ake fita da su. Ke nan cikin fatun da Bature ya shafa ya ce haka fata mai daraja take, akwai na awakin da suka yi kiwo a bakin gulbin Rima.

Juyin farko ya zo ne daga injin tsaga fata. A shekarun farko na ƙarni na 19 Samuel Parker na jihar Massachusetts a Amurka ya mallaki injin da ke raba kaurin ƙirgi, daga baya aka ƙera mai doguwar wuƙa mai zagayawa wanda ke fitar da falle uku ko fiye daga ƙirgi guda. Riba ta ninka, amma da matsala a tafe: fallen sama kaɗai ke da fuska. Na ƙasa gashi-gashi ne ciki da waje, ba mai ba su darajar fata sai an shafe su da fenti an buga musu fuskar aro. Daga wannan lokaci buga zanen fata ya tashi daga ado, ya zama dole.

Masu littafi ma sun shiga irin wannan hali. Injinan ɗab'i suna fitar da littattafai fiye da abin da awakin duniya za su iya tufatarwa. A shekarun 1820 mawallafi William Pickering da mai ɗaurin littafi Archibald Leighton suka fara rufe littafi da yadin auduga da aka cika da sitaci. Mai saye ya ga zare ya raina. Kafin shekarun 1830 su yi nisa an fara ratsa yadin tsakanin gangunan ƙarfe masu zafi da aka sassaƙa, kuma cikin zanen da aka fi bugawa akwai na Maroko. Masu sassaƙar gangar sun gaji dabara daga masu buga fure a yadin auduga na Mancesta, inda Joseph Lockett ya ari hanyar da Jacob Perkins ya fito da ita don buga takardun kuɗi: a sassaƙa zanen sau ɗaya a ɗan guntun ƙarfe, a taurara shi, a danna shi a wani, wannan kuma a yi ta birgima da shi a jikin babbar ganga har ya rufe ta. Da kamfanonin yadin littafi suka dunƙule ƙarƙashin Winterbottom a 1891, kowane zane ya samu lambarsa a kundin samfuri, mawallafi ya zaɓa daga ofis.

Aibin wannan hanya ɗaya ne. Hannun mai sassaƙa, komai gwanintarsa, tsari yake so. Yana jera ƙwayoyi kai ɗaya, dabba kuwa ba ta san kai ɗaya ba, ido kuma yana gane bambancin daga nesa.

Maganin ya fito daga inda ba ruwansu da jima. A 1838 Moritz von Jacobi, Bajamushen da ke aiki a St Petersburg, ya nuna cewa lantarki na iya kwashe jan ƙarfe daga ruwan da aka narkar da gishirinsa, ya jibge shi a kan wani abu har ya ɗauki siffarsa tsaf. Thomas Spencer na Liverpool ya kai ga haka kusan lokaci guda. Da farko lambobin yabo da farantan ɗab'i aka riƙa kwafa. Da masu fata suka farga, sai suka ɗauko fatar gaske mai kyan fuska, ko kwafinta na kakin zuma, suka shafe da garin baƙin ma'adinin da ake yin bakin fensir da shi domin wuta ta iya bi ta kai, suka tsoma a ruwan, suka haɗa da batir. Jan ƙarfen na taruwa a hankali, yana shiga kowane ramin gashi da kowane ninki. In ɓawon ya yi kauri a ɓamɓare shi, a cika bayansa da wani ƙarfen don ya jure matsi. Inda fata ke da rami, farantin na da tsini. A ganina wannan ita ce mahaɗar tarihin duka, domin daga nan ba zana fata ake yi ba, ɗaukar ta ake yi. Kafin ƙarnin ya ƙare, fatar tunkiya na fita kasuwa da fuskar kada, ko ta alade, ko ta akuyar Maroko, har da ƙofofin gashin da ba nata ba.

Abin ya yi yawan da ya kai ga bincike. Ɗakunan karatu na Ingila sun lura bangon littattafan zamaninsu na ruɓewa yana zama jan gari, alhali na ƙarnonin baya na nan garau. Ƙungiyar Society of Arts ta Landan ta kafa kwamiti a 1900, ya fitar da rahoto a 1901. Ya ɗora laifi kan asid da wasu sababbin kayan jima da hayaƙin fitilar gas, ya kuma ce tun wajen 1860 da wuya a ga fatar tunkiya da fuskarta ta asali a kan littafi, duk an buga mata ta wasu, kuma waɗannan masu fuskar aron suna cikin waɗanda suka fi lalacewa. A shekarar ce mashahurin mai ɗaurin littafi Douglas Cockerell ya rubuta cewa fatar da ya fi samun amfaninta ita ce ta akuya da kamfanin Royal Niger ke kawowa daga Afirka. Bagaruwa ta tsallake gwajin da kayan masana'anta suka faɗi.

Duk wannan a kan fata da takarda da yadin sitaci ne. Yadin da aka shafe don ya maye fata ɗungurungum ya taso ne daga Newark ta jihar New Jersey, garin majema, inda gidan Crockett suka riƙa shafa wa auduga dafaffen man fenti da baƙin hayaƙi, shafi bisa shafi, su busar, su ratsa ta cikin ganga mai zanen Maroko. A shekarun 1850 an kafa masana'antarsa a gabashin Landan. Yana da arha, amma yana tsagewa in ya daɗe. Wanda ya gaje shi daga gidan albarushi ya fito. A 1846 Christian Schönbein na Basel ya jiƙa auduga da asid ya samu abu mai fashewa. In aka narkar da mai sauƙin irinsa aka haɗa da mai da launi, yakan bushe ya bar fatar da ruwa ba ya ratsawa. Da shi aka yi Pegamoid da Rexine a Ingila, da Fabrikoid a Newburgh ta jihar New York, kamfanin da DuPont, masu yin albarushi, suka saye a 1910.

Mota ce ta ba su kasuwa. Ford ya fito da Model T a 1908, rumfa da kujeru kuma suka soma cin fatar da shanu ba za su iya biya ba. DuPont sun yi wani talla da ya shahara, suna tambayar mai karatu fata nawa saniya take da ita. Hujjarsu ita ce, yawancin abin da ake sayarwa da sunan fatar gaske fallen ƙasa ne da aka shafe aka buga wa zane, to me ya raba shi da nasu, ban da cewa nasu a kan saƙaƙƙen yadi mai ƙarfi yake? Talla ce, amma ba ƙarya suka yi ba. Matsalar kayan nasu ita ce jinin albarushi bai bar shi ba, yana kama wuta da sauri.

A 1926 Waldo Semon na kamfanin B.F. Goodrich ya gano yadda ake tausasa robar PVC, wadda kafin nan ƙanƙararriya ce marar amfani. Wannan roba tana laushi da zafi, tana daskarewa da sanyi, abin da mai buga zane ke nema ke nan. A ɗumama fallenta, a ratsa shi tsakanin gangar ƙarfe mai sanyi da aka sassaƙa da wata gangar roba, ya fito da zanen a jikinsa, kamar yadda tabarma ke barin sawunta a kumatun wanda ya kwana a kanta. Kumatu na komawa daidai, robar da ta huce kuwa ba ta komawa sai an sake gasa ta. A Amurka sunan da ya fi tashe shi ne Naugahyde, daga garin Naugatuck na jihar Connecticut, wanda aka fara amfani da shi a 1936. A shekarun 1960 masu tallarsa suka ƙago wata dabba mai faffaɗan baki da suka ce ita ke tuɓe fatarta ta ba su ba tare da an yanka ta ba. Wasa ne, har 'yar tsanarta aka yi, ko da yake ana ba da labarin wasu sun ɗauka gaske ne. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara wa harkar gudu: a Tarayyar Sobiyet sojoji miliyoyi sun taka takalman kirza, yadin auduga ninki-ninki da aka shayar da robar masana'anta aka buga masa fuskar fatar alade, kuma Ivan Plotnikov da abokan aikinsa sun karɓi lambar Stalin a 1942 saboda shi.

Bayan yaƙin aka samu robar silikon mai daskarewa ba tare da wuta ba, ta sauƙaƙa ɗaukar fuska. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Fata ba faɗin ganga gare ta ba, kuma ba iri ɗaya take daga wuya zuwa wutsiya ba. Saboda haka masu sana'ar, irin na yankin Krefeld a Jamus, sukan duba fatu da yawa su zaɓi ɗan yanki guda marar tabo, su kwafe shi sau da dama, su jera kwafin suna juya su, su bi mahaɗar da hannu ƙwaya bayan ƙwaya har ido ya kasa gano inda aka haɗa. Sannan a naɗe shi ya zama ganga marar ɗinki, a ɗauke shi da nikel ko a sauke shi a ƙarfe. Shi ya sa in ka shimfiɗa doguwar fatar roba ka bi ta da natsuwa, za ka ga wani ninki da ka gani a baya ya sake dawowa, tazararsa daidai da kewayen gangar. Dabba ɗaya da ta mutu tun tuni tana iya rufe kujerun gari guda.

DuPont sun sake gwada sa'a da Corfam, wanda suka nuna a 1963 suka fara sayarwa a 1964, abu mai ƙananan ƙofofi da aka ce yana numfashi. Fuskar ta yi, amma takalmin ba ya saki ya bi siffar ƙafa yadda na fata ke yi, ga robar PVC mai arha ta tare masa kasuwa. A 1971 suka haƙura. Japanawa suka ɗora daga nan: kamfanin Kuraray ya fito da Clarino a tsakiyar shekarun 1960, sai Miyoshi Okamoto na Toray da ya fito a 1970 da yadin siraran zaruruwa wanda Turai ta sani da Alcantara.

Yawancin fatar roba mai laushi da ke jakunkuna da takalma a yau ta poliyuretan ce, robar da Otto Bayer ya gano a 1937, kuma zanenta ba daga ganga kai tsaye yake zuwa ba, daga takarda ne. Akwai wata takarda mai ƙarfi da aka shafe da abin da ke hana mannewa, aka kuma buga mata zanen fata a juye. Ana warware ta daga naɗinta, a zuba mata robar tana ruwa, a baje da wuƙa, a ratsa tanda ta bushe, a ƙara shafi na biyu, a manna yadi a baya, a ƙarshe a ɓare takardar. Fuskar da ta kwanta a kan takarda ita ce za ta kalli duniya. A nan ran gini shi ne ran zane, domin robar ba ta taɓa zama sumul ba balle a danne ta. Ruwa yana shiga lungun da matsi ba ya kaiwa, shi ya sa zanen ke fita da kyau, har ƙyalli ko dushewar fuskar daga takardar ake gadonsa. Ana naɗe ta a sake amfani da ita sau da dama kafin zafi ya cinye ta.

Masu yin wannan takarda ba su da yawa. Kamfanin S.D. Warren na Westbrook a jihar Maine na cikin na farko, ya kuma fito a shekarun 1980 da hanyar daskarar da shafin takardar a jikin gangar zane nan take, don kada komai ya ɓace. Sappi na Afirka ta Kudu ya saye shi a 1994. Akwai Dai Nippon Printing da Lintec a Japan, da Favini a Italiya. Su ke fitar da sababbin zane bisa yayin shekara, masana'antun fatar roba irin na Wenzhou a Sin su saya. Dalili ke nan da za ka ga zane guda a jakar wani kamfani da takalmin wani da ba su san juna ba. Daga can kayan ke isowa hannun masu ɗinkin takalma na Aba da Kano, alhali masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa na loda fatun awaki da tumaki zuwa Italiya da Sifen.

Cikin mota abin ya fi wuya, domin gaban direba da ƙofa da sitiyari kowanne da irin robarsa, kuma ana so duk su yi fuska ɗaya. Don ɓangarori masu laushi, akan ƙera samfurin ɓangaren, gwani ya lulluɓe shi da falle mai zanen da aka zaɓa, a kwafe da silikon, a gina ɓawon nikel a kai da lantarki, jikan dabarar Jacobi ke nan. Cikin wannan ɓawo mai zafi ake juya garin roba ya narke ya zama fata. Don masu tauri kuwa, mazubin ƙarfen ake ci da asid: a sauke hoton zanen a kansa da abin da asid ba ya ci, a tsoma, a wanke, a sake da wani hoton, har zurfin ya zama hawa-hawa. Kamfanoni irin Mold-Tech da Eschmann da Tanazawa wannan ne abincinsu. Zanen ba don kyau kaɗai ake sa shi ba. Yana ɓoye tabon zubi da ƙarzuwa da sawun yatsa, yana kuma karya hasken rana kada ya haska gilashin gaba ya kashe wa direba ido.

Daga shekarun 1990 hasken leza ya fara sassaƙa ganguna, daga baya aka samu injinan da ke bi da shi ta kowace kusurwa a cikin mazubi. Yanzu ana ɗaukar tudu da kwarin fatar da na'urar awo, a zuba a kwamfuta, a share tabo, a ƙara zurfi, a cakuɗa wuyan wannan saniya da gadon bayan waccan, a sa zanen ya bi lanƙwasar ƙofar mota ba tare da ya miƙe ba. Wasu zanen ma ba dabbar da ta ba da su, lissafi ne ya haife su, wasu masu ƙera mota kuma sun koma ga 'yan murabba'ai da layukan da ba sa da'awar komai. Ita fatar gaske ba ta tsira ba: mai yawa daga wadda ke kujeru ana goge fuskarta ne don a kawar da tabo, a shafe, a buga mata zane da farantin ƙarfe.

Sababbin kayan da ake yi da tsiro, irin Desserto da aka fito da shi a Meziko a 2019 daga wani tsiron hamada mai ƙaya, su ma galibi da shafin roba a samansu, zanen kuma ta takarda ko ganga yake zuwa musu. Majema sun kai ƙara ga hukumomi, sun kuma samu wani abu. Brazil ta hana kiran abin da ba daga dabba ya fito ba da sunan fata tun 1965, Italiya ta yi irin wannan doka a 2020, Fotugal ta biyo a 2022. Dokokin sun tsaya ne kan suna da abin da aka rubuta a jikin kaya, ba su hana kowa buga fuskar maraƙi a kan roba ba.